Yadda Ake Mayar da Balan-balan ɗin Kawu Jirgin Wata Duniya

Matso kusa, ɗan'uwa. Idan wani abu ya faɗo daga sama a ƙauyenku, kuma ka san sarai wanda ya haɗa shi, kuma jininku ɗaya da shi, to kai nake nema. Ni Darmaji, mai gyaran babur a bakin kasuwarmu, na ɗauki maka alkawari: bi matakan nan kamar yadda na jera su, cikin kwana uku abin da kowa ya san takarda ce da gam zai koma jirgin halittun wata duniya, har mutanen Jakarta su hau mota su zo kallo. Hanyata ba ta taɓa ƙi ba. Sau ɗaya tak aka gwada ta, wannan gaskiya ne, amma ko a lokacin ba ita ce ta gaza ba.

Bari ka ji inda na samo gwanintar. Ka san dai mako guda bayan ƙaramar Sallah kowace unguwa a nan kan tudu tana tayar da balan-balan ɗinta na takarda, a cika shi da hayaƙin ɓawon kwakwa da sassafe, ana kiɗa ana ihu. Ka kuma san doka ta zo ta ce a ɗaure shi da igiya, kada girmansa ya wuce mita bakwai, wanda ya sake shi ya shiga hanyar jiragen sama kuma ɗaurin shekara biyu ne. To Kawu Kasmuri, yayan mahaifiyata, shekara hamsin yana haɗa wa unguwarmu balan. Bana yanar ido ta rage masa gani, ya ce wannan ne na ƙarshe. Ya kwashe azumi duka a rumfar bayan gida, ya fito da wani abu mai mita ashirin. Da hayaƙi ya cika shi ya miƙe tsaye, tsohon nan ya zaro lauje daga ƙugunsa, a gaban mutum ɗari biyu, ya datse igiyar.

Bayan azahar abin ya faɗo a gonar kabejin Goggo Painem, a can ƙetaren rafi, rabi ya ƙone rabi ya tsira. Kafin la'asar labari ya iso cewa mutanen filin jirgi sun kai ƙara, an turo Sajan Poniran ya nemo mai laifi. Inna ta kira ni bayan murhu, ta nuna ni da ludayi.

"Darmaji, kai ne mai baki a gidan nan. Tun kana goye kake ƙarya. Yau ga ranar amfaninta. In yayana ya kwana a hannun hukuma, kada ka sake kirana uwarka."

Ka ji takardar shaidata ke nan. Mu shiga aiki.

Mataki na ɗaya: Kada ka yarda ka ce ka ga komai

Nan ne sababbin shiga suke faɗuwa. Wanda ya rugo yana haki yana cewa ya ga jirgin wata duniya, sai a ba shi ruwa a tambayi me ya sha. Shaida na ƙwarai shi ne wanda ake roƙo. Ka sunkuyar da kai, ka ci gaba da aikinka, ka yi ajiyar zuciya sau biyu.

Sajan ya same ni ina kwance kabureta. Tare muka yi firamare da shi, kuma na san sau nawa ya riƙe wa Kawu zoben gora na bakin balan ana hura hayaƙi, kafin ya sa kaki ya fara manta mutane.

"Darmaji, balan ɗin wa ya faɗa gonar Goggo?"

"Balan? Yallaɓai, ni ban ce balan ba ne."

"To mene ne?"

"Ka rufa mini asiri, Poniran. Ina da iyali. In na faɗi abin da na gani, gobe babu mai kawo mini babur."

"Kai dalla, ni za ka yi wa wannan?"

"Shi ya sa na ce ka bar ni."

Ka lura ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya tsaya yana kallona, ya ciro littafin rahotonsa ya mayar. Can ya ce a ofishinsu akwai abin da ake rubutawa in an rasa gane abu, amma sai an sami shaidu, sai kuma wani masani ya duba ya ce shi ma bai gane ba. Ya ba ni kwana uku. Ya hau babur ɗinsa yana tsaki, bai ko biya ni iskar da na sa masa a taya ba.

Mataki na biyu: Ka san tarihi, ko kaɗan ne

Ba a sayar da sabon abu ga mutanen ƙauye. Sai ka nuna musu cewa manya sun riga su. Ka je rumfar shayi da hantsi, lokacin da masu dawowa daga gona suke busa taba mai kanumfari, ka fara kamar ba ka damu ba.

Ka ce a Amurka, tun 1947, wani matuƙin jirgi ya ce ya ga wasu abubuwa suna sheƙa gudu a sama, 'yan jarida suka sa musu suna faranti mai tashi. A shekarar ne kuma wani tarkace ya faɗo a wata gona cikin hamadarsu. Sojoji suka ce faranti ne, washegari suka ce a'a, balan-balan ne na auna yanayi. Shekara saba'in da ɗoriya ke nan ana musu, wasu na cewa gwamnati ta ɓoye gaskiya, wasu na cewa masu gani ne ba su da aikin yi. An rubuta littattafai, an kafa kwamiti a kan kwamiti, har yau ba a raba gardama ba.

A nan ka kurɓi shayi, ka bar su su haɗa lissafin da kansu. A can an ce faranti, hukuma ta ce balan, duniya ta ƙi yarda da hukuma. Ashe duk wanda ya ce balan ne, shi ake zargi. Mu kuwa balan ɗin gaske gare mu, saura kawai a sami hukumar da za ta ce balan ne.

Mataki na uku: Hoto

Duk hoton farantin da ya yi suna a duniya dishi-dishi ne. Wannan ba kuskure ba ne, sharaɗi ne. Matsalarmu ita ce mutum ɗari biyu sun ɗauki abin tas, ga Kawu ga lauje, wasu har da kiɗa suka sa a kai. Ka bi gida-gida. Ka yi gaisuwar Sallah, ka ci abin da aka ajiye maka, ka nemi gafara kamar yadda aka saba, sannan ka nemi waya. A ranar na ci shinkafar ƙunshin ganye da miyar kwakwa sau goma sha ɗaya, kuma ban yi nadama ba.

Hoton da za ka bari ya fita guda ɗaya ne. Namu na wayar Goggo Painem ne, wadda ta ɗauka da hannun da take suyar tempe, wainar waken soya, mai ya shafe gilashin. Wani farin dunƙule ne kawai a saman bishiyar ayaba. Ni da na san abin, sai da na kalle shi tsigar jikina ta tashi.

Mataki na huɗu: Kada shaidu su haɗa baki

In mutum biyar suka faɗi magana ɗaya, an koya musu. Ka bar kowa da nasa. Wani ya ce zagayayye ne, wani ya ce dogo, wani ya ce bai yi ƙara ba, wani ya ce kajinsa sun daina ƙwai.

Limaminmu ya ce shi ba zai yi ƙarya ba ko za a yanka shi. Na ce Malam, wa ya ce ka yi? Duk abin da aka tambaye ka, ka ce Allah ne masani. Ya ce ai wannan gaskiya ce. Har aka gama babu shaidar da ta kai tasa nauyi.

Wadda za ka sa wa ido ita ce mai gonar. Goggo Painem shekara shida ke nan da mijinta ya rasu babu mai ƙetare rafi ya gaishe ta. Yanzu ga jama'a a gonarta tun safe. A rana ta farko ta ce ta ga haske. A ta biyu ta ce hasken ya yi mata sallama. Da na ji ta fara cewa ciwon gwiwarta ya tafi, na ja ta gefe.

"Goggo, ki rage. Kin wuce inda aka tsaya."

"Kai tafi can, mai baƙin mai. Gonarka ce ko tawa?"

Ka ƙyale ta. Ba za ka iya ba.

Mataki na biyar: Ka ɓoye mai aikin

Wannan gajere ne, kuma da na yi shi da kyau da ba ka same ni ina rubuta darasi ba. Na ce wa Kawu ya zauna a gida, in an tambaya a ce zazzaɓi. Ya ce to. Na ce kada ya yi magana da kowa. Ya ce to. Sai ya tambaye ni ko kan balan ɗin ya ƙone, wurin da ya yi tauraro mai tsini goma sha shida. Na ce yana nan lafiya. Ya sake cewa to, ya juya fuska bango. Na ji tausayinsa, wallahi, amma ina sauri.

In tsoho ya ce maka to sau uku a jere, ka sa kwaɗo a ƙofa.

Mataki na shida: Ka nemo mai ƙaryatawa, ka yi masa shimfiɗa

Labarin da babu mai musa shi mutuwa yake yi. Kana bukatar mai ilimi ya zo ya ce ku jahilai ne, don a ranar ne ko masu shakka za su koma bayanka saboda haushi.

A rana ta uku da hantsi aka taru a gonar. Sajan ya zo da littafinsa. Daga Jakarta ga Malam Gunadi, shugaban wata ƙungiya ta masu farautar faranti, da jakar na'urori da hula mai faɗi. Daga cikin gari kuma ga Malama Retno mai koyar da kimiyya, wadda ni da kaina na aika wa hoton Goggo don in tsokano ta. Ina cikin murna komai ya zauna, na waiga, sai ga Kawu a bayana da baƙar hularsa da zanen Sallah, ya dogara sanda.

"Kawu, zazzaɓin fa?"

"Ya sauka."

Malama Retno ko gaisuwa ba ta gama ba ta tsuguna ta ɗaga gefen takardar.

"Jama'a, ku dubi tururuwa. Sitacin rogo ne aka yi gam da shi. Halittun wata duniya rogo suke nomawa?"

Malam Gunadi ya yi murmushin wanda ya saba. "Malama, duk inda suka sauka da kayan wurin suke aiki. An sha ganin haka."

"An sha gani a ina?"

"An ɓoye rahotannin."

"To ka gan su a ina?"

"Ɓoyewar ai ita ce hujja."

Ka ga daɗin wannan fanni ke nan. In an sami shaida, shaida ce. In ba a samu ba, ta fi ƙarfi. Suka yi ta yi, ita tana cewa rabin abin da ake gani a sama tauraruwar asuba ce da jirage da balan-balan, shi yana cewa saura rabin fa. Jama'a na juya kai daga wannan zuwa wancan, Goggo na zagawa da tire. Da haushi ya ishi Malama, sai ta yi wurgi da takardar.

"Wannan tarkacen banza ne. Wani mara aikin yi ne ya liƙa shi, kuma ko liƙin bai iya ba."

Na ji Kawu ya ja numfashi. Na ɗora ƙafata a kan tasa na danna da duk nauyina. Ya dubi ƙasa, ya gyara hularsa, ya haɗiye maganar. A raina na ce shi ke nan, mun haye. Jama'a suka hau yi wa Malama ihu, ta tattara jakarta ta koma gindin ayaba ta tsaya tana huci. Sajan ya buɗe littafi, ya rubuta kwanan wata, ya dubi Malam Gunadi. Kalma ɗaya ta rage: masani ya ce bai gane ba, a sa hannu, kowa ya tafi gida.

Mataki na bakwai: Ka fi tsoron wanda ya yarda da kai

Da ma wani ya gaya mini wannan.

Malam Gunadi bai ce bai gane ba. Mutumin kirki ne, abin da ya cuce mu ke nan. Ya durƙusa a cikin kabeji, ya shimfiɗa kan balan ɗin, tauraron nan ya fito fili, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi. Ya ciro ƙaramin ma'auni na ƙarfe ya fara auna inda takarda ta hau kan takarda. Ya auna goma. Ya auna talatin.

"Sajan, rubuta. Gutsattsarin takarda sun fi dubu a nan, kuma kowane haɗi faɗinsa ɗaya, ko gashi bai bambanta ba. Shekara ashirin ina yawo, an nuna mini murfin tukunya, an nuna mini fitilar masunta, yau ne kawai na ga abin da ya sa ni kuka." Da gaske hawaye yake yi. "Zan tafi da shi Jakarta, mu sa shi a gilashi, mu rubuta a ƙasa: ba aikin ɗan Adam ba ne. Hannun mutum bai kai nan ba. Injiniyoyi ma ba su kai ba, balle manoman ƙauye."

Na sake neman ƙafar Kawu da tawa, na taka kabeji. Ya riga ya yi gaba.

"Yaro, me za ka rubuta a ƙasa?"

"Ba aikin ɗan Adam ba, Baba."

"Har abada haka za a karanta?"

"Har abada."

Na ce, "Kawu, zazzaɓin ne ya dawo, zo mu tafi." Ya ture hannuna kamar yana korar ƙuda. Ya miƙa hannu wajen Sajan ya ce a ba shi littafin. Shi kuma Poniran, da yake tun yana ƙarami in Kawu ya ce miƙo yake miƙawa, sai ya miƙa. Kawu ya yage shafi biyu, har da wanda aka fara rubutu a kai. Ya laluba tiren Goggo ya ɗebo 'yar dafaffiyar shinkafa, ya murje ta a yatsa. Ya rufe idanun da dama ba sa ganin komai sosai, ya haɗa gefen shafin da gefen ɗayan, ya bi da babban yatsa sau ɗaya daga sama har ƙasa. Ya miƙa wa Malam Gunadi.

"Auna."

Ya auna. Ya auna na balan. Ya sake auna shafin.

"Kasmuri sunana," in ji Kawu. "Da sin ake rubutawa. Manomin ƙauye ne."

Malama Retno ce ta fara motsi. Ta taho daga gindin ayaba, ta karɓi shafin ta duba, ta kama hannun Kawu da hannu biyu ta kai goshinta. Ta ce, "Baba, ka yafe mini, ban duba da kyau ba." Sajan kuwa ya daɗe yana kallon littafinsa.

"Baba, ka yaga mini rahoto."

"Ka rubuta sabo. Wannan karon ka rubuta daidai."

A bayan babur ɗin Poniran aka tafi da shi, ya riƙe hularsa da hannu ɗaya. Ni na tsaya a cikin kabeji, ina jin haushinsa kamar in mutu, kuma ban taɓa alfahari da wani mahaluki kamar yadda na yi da shi a ranar ba.

Sanarwa ta wanke kai

Duk wanda ya bi matakan nan ya bi ne don ra'ayin kansa. Babu ruwana da kabejin da aka tattake, ko limamin da aka sa a tsaka mai wuya, ko baƙon da ya koma Jakarta da jaka babu komai. In hukuma ta tambaye ka, ba ka san ni ba, ni ma ban taɓa ganinka ba, kuma wannan rubutu iska ce ta kawo shi. Ban lamunce maka tsoho ba. Ban lamunce maka duk wanda ya iya aikin hannunsa ba, namiji ko mace, domin irinsu sun gwammace a ɗaure su da a ce ba su ba ne.

Alƙali ya dubi shekarun Kawu ya ba shi wata uku. In kana da zuciya ka je ka gaishe shi, ranar Alhamis ake shiga, amma abin da zai same ka a can ma ba alhakina ba ne. Zai zaro takardar tuhumarsa daga aljihun riga, ta yi laushi saboda ninki, ya ce idonsa ba ya gani, ka taimaka ka karanta masa. A layi na huɗu ne aka rubuta cewa matuƙin jirgin da ya taso daga gabas ya ga abin a gefensa, a tsayin kilomita tara daga ƙasa. Kada ka yi sauri a wurin. Zai ce bai ji ba, ka maimaita.